Raƙumi da Tauraro: Jam'iyyu Masu Ƙetare Iyaka da Haɗin Kan Afirka ta Yamma



Da takardar gayyata ta iske ni, aka ce in zo Kazaure in yi magana a kan jam'iyyun siyasa da haɗin kan ƙasashe, sai da na ɗan yi jim. Ni malamin Hausa ne, sana'ata bin diddigin kalmomi, ba kimiyyar siyasa ba. To, amma kalma ɗaya ce ta jawo ni cikin wannan fage tun ina ɗalibi, ita ce kuma ta ba ni ƙarfin halin amsa gayyatar. Kalmar ita ce "sawaba".

Kafin mu je gare ta, bari mu dubi inda muke zaune. Wanda ya bi titin Daura daga nan, ba zai daɗe ba zai kai Kongolam, in ya ƙetare sai Matamaye, sai Damagaram. Wanda kuma ya tashi daga Babura ya bi ta Babban Mutum, Magarya zai faɗa. Mutumin Roni ko na Gwiwa ba ya bukatar tafinta a kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan. Iyakar da ta raba mu da su, Ingila da Faransa ne suka yi ta ja-in-ja a kanta tun daga 1890, suka sake zana ta a 1898, da 1904, da 1906, sa'an nan jami'ansu suka bi daji suna kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Har kwanan baya tsofaffinmu in mutum ya tafi Magarya cewa suke ya tafi "Faransa". Saboda haka in ana zancen haɗin kan Afirka ta Yamma, a wurinmu zancen gero ne da wake da dabbobi da aure da zumunci.

Tambayar da zan yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin jam'iyyar siyasa tana iya ƙetare irin wannan iyaka ta haɗa jama'ar da ke ɓangarorin biyu? Ra'ayina shi ne tana iyawa, an ma taɓa yi, amma ba ta ɗorewa sai in akwai majalisa ɗaya mai iko wadda jama'ar duka suke takarar kujerunta. In babu wannan, ko dai jam'iyyar ta tsage gida-gida, ko kuwa hukuma ta ɗauke ta a kan cin amanar ƙasa.

Mu fara da babbar jam'iyyar da yankinmu ya taɓa gani. A watan Oktoba na 1946 wakilai daga ƙasashen Afirka renon Faransa suka taru a Bamako suka kafa RDA, watau Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Dimokuraɗiyya ta Afirka, suka ɗora Felix Houphouet-Boigny na Kwaddibuwa a kan shugabancinta. Alamarta giwa ce. Tana da reshe a kusan kowace ƙasa: PDCI a Kwaddibuwa, PDG a Gini, Union Soudanaise a ƙasar da yau ake kira Mali, a Nijar kuwa PPN, wadda aka kafa a watan Mayu na wannan shekara.

Me ya sa hakan ta yiwu? Ba don mutanen can sun fi mu son juna ba ne. Dalili shi ne tsarin mulkin da suke ƙarƙashinsa. Faransa ta ɗaure ƙasashe takwas a tarayya ɗaya mai hedkwata a Dakar, daga 1947 kuma akwai Babbar Majalisa a can wadda ke duba kasafin kuɗin tarayyar duka. Bugu da ƙari, wakilansu suna zama a majalisar dokokin Faransa a Paris. Wanda ke zaune a zaure ɗaya da wasu, ana ƙidaya ƙuri'a, tilas ya nemi abokan tafiya. Ɗan majalisar Nijar shi kaɗai ba kowa ba ne a Paris, amma in ya jingina da giwa sai a saurare shi.

Mu a ɓangaren Ingilishi ba mu sami irin wannan ba. An yi yunƙuri a 1920, sa'ad da Casely Hayford da abokansa suka kafa wata ƙungiya a Akra don ƙasashe huɗu renon Ingila, amma da yake babu majalisa ɗaya da za ta tsaya a ciki, ba ta yi nisa ba bayan rasuwarsa a 1930.

Sai 1956 ta zo da dokar da ake jingina wa minista Gaston Defferre. Dokar ta ba kowace ƙasa gwamnatinta da majalisarta mai iko, ta bar Dakar ba ta da abin rabawa. Leopold Senghor na Senegal ya yi ta kukan cewa ana daddatsa Afirka ne. Houphouet kuwa abin ya yi masa daɗi, domin ƙasarsa ce mai koko da kofi, kuma ya gaji da ganin kuɗinta yana tafiya Dakar ana raba wa matalautan maƙwabta. A babban taron RDA na Bamako a 1957 rigimar ta fito fili: Sekou Toure da Modibo Keita suna son gwamnatin tarayya, shugaban jam'iyya ba ya so. Kowa ya san yadda ta ƙare. Gini ta fice ita kaɗai a 1958. Tarayyar Mali da aka shirya da ƙasashe huɗu a farkon 1959 ta koma biyu, sa'an nan ta watse a watan Agusta na 1960. Houphouet ya jawo Nijar da Volta da Dahome cikin wani sassauƙan ƙawance a watan Mayu na 1959, wanda ba ya taɓa ikon kowa. Watau jam'iyyar da ta fi kowace ƙetare iyaka, shugabanta ne ya fi kowa hannu wajen rushe tarayyar da ta haife ta. Ban faɗi haka don zargi ba. Ɗan siyasa inda ƙuri'arsa take nan fuskarsa ke duba, ƙuri'ar Houphouet kuwa a Abijan take.

Yanzu mu dawo gida, mu koma ga kalmar nan tamu.

A ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano. Sunanta na Hausa Jam'iyyar Neman Sawaba, alamarta tauraro, takardar manufofinta ma da sunan sawaba aka san ta. Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, Hajiya Gambo ta Zariya kuwa har sunan ya bi ta. Sawaba a bakin Bahaushe ba 'yanci ba ne irin na takarda. Sauƙi ne bayan wuya, kamar wanda aka sauke wa kaya daga ka, ko majiyyacin da zazzaɓi ya sake. Talakan da ke fama da haraji da jangali da aikin tilas da kotun alkali bai bukaci a yi masa fassara ba.

A can Nijar kuwa akwai mutum biyu, 'yan'uwan juna, 'yan ƙauye ɗaya kusa da Yamai, dukansu malaman makaranta: Diori Hamani da Jibo Bakari. Tare suka fara a PPN. Da RDA ta yanke hulɗa da Jam'iyyar Kwaminis ta Faransa a 1950 don ta sasanta da hukuma, Diori ya bi umarnin uwar jam'iyya, Jibo ya ƙi. Ya koma cikin ƙungiyoyin ƙwadago, ya kafa tasa jam'iyyar a 1954, wadda daga baya ta haɗe da wata ta zama abin da duniya ta sani da Sawaba. Alamarta raƙumi.

Ina so ɗalibai su lura da wani abu a nan. Jibo Bakari Bazabarme ne, ba Bahaushe ba. Amma da ya tashi neman jama'a, kalmar Hausa ce ta zama sunan tafiyarsa, kalmar da 'yan NEPU suka riga suka ɗaga a Kano. Ƙarfin jam'iyyarsa kuwa yana ƙasar gyaɗa, watau Damagaram da Tasawa da Maraɗi, a wajen direbobi da 'yan kamasho da teloli da masu ƙananan sana'o'i da 'yan ci-rani, irin mutanen da kullum suna bisa hanya tsakanin can da Kano. Waɗannan su ne suka yi dakon kalmar, ba jarida ba, ba rediyo ba. Babu wata yarjejeniya da ta mai da NEPU da Sawaba jam'iyya ɗaya. Abin da ya haɗa su harshe ɗaya ne, da kuka ɗaya, da irin abokan hamayya ɗaya.

A zaɓen 1957 Sawaba da abokanta suka ci kujeru 41 cikin 60, Jibo ya kafa gwamnatin farko ta 'yan ƙasa a Nijar. Shekara ta zagayo, Janar de Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama: ko a zauna cikin ƙawance da Faransa, ko a ɗauki mulkin kai nan take. Jibo ya ce a'a ga Faransa, kamar yadda Sekou Toure ya ce. Faransa kuwa ba ta shirya sakin Nijar ba. Tana yaƙi a Aljeriya, wadda ke iyaka da Nijar ta arewa, ga kuma tsoron kada ƙasar ta karkata kudu wajen Nijeriya. Aka aiko sabon gwamna, Colombani, aka janye sarakunan da ke tare da Jibo, aka baza sojoji da motoci cikin karkara. Ran 28 ga Satumba 1958 aka bayyana cewa wajen kashi 78 cikin 100 sun ce i, alhali waɗanda suka fito jefa ƙuri'ar ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba. Jibo ya sauka, Diori ya hau, a watan Oktoba na 1959 aka haramta Sawaba.

Daga nan ne zumuncin raƙumi da tauraro ya shiga gwaji. 'Yan Sawaba da yawa suka gudo kudu, Kano ta zama mafakarsu, 'yan NEPU suka ba su masauki, suka rufa musu asiri. Ta ɗaya gefen kuma gwamnatin Diori da gwamnatin NPC ta Sardauna suka fahimci juna sarai, domin kowace tana kallon 'yan hamayyar ɗayar a matsayin barazana gare ta. Ashe ke nan ba jam'iyya ɗaya ce ta ƙetare iyaka ba, sansani biyu ne: masu mulki da sarakuna a gefe guda, masu neman sawaba a gefe guda. Bambancin shi ne sansani ɗaya yana da 'yan sanda da 'yan doka da kurkuku, kuma hulɗarsa sunanta "dangantakar ƙasashe", hulɗar ɗayan kuwa sunanta "zagon ƙasa".

Ƙarshen labarin ba shi da daɗi, ba kuwa zan shafa masa mai ba. Da aka toshe wa Sawaba hanyar ƙuri'a sai ta ɗauki bindiga. Ta tura samari horo ƙasashen waje, a watan Oktoba na 1964 suka kutsa Nijar ta iyakoki dabam-dabam, har da ta Nijeriya. Aka murƙushe su cikin ɗan lokaci, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kurkuku. A watan Afrilu na 1965 wani ya jefa gurneti a filin Idin Babbar Salla a Yamai don ya kashe Diori, bai same shi ba. Masanin tarihi Klaas van Walraven ya bi wannan labari daki-daki a littafin da ya fitar a 2013, bayan ya yi hira da tsofaffin 'yan jam'iyyar masu yawa. NEPU ita ma sojoji suka rushe ta tare da sauran jam'iyyu a 1966. Abin da ya saura shi ne gadon harshe: da Nijar ta koma siyasar jam'iyyu a farkon shekarun 1990, kusan kowace sai da ta laƙaba wa kanta suna irin wannan, Nassara, Rahama, Tarayya, Zaman Lafiya.

Da aka zo kafa ECOWAS a Ikko ran 28 ga Mayu 1975, babu jam'iyya ko ɗaya a wurin. Janar Gowon da Janar Eyadema na Togo ne suka yi ɗawainiyarta, da yawa daga cikin masu sa hannu kuwa ko soja ne ko shugaban jam'iyya ɗaya tilo. Ba na raina abin da ta yi. Yarjejeniyar 1979 wadda ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ba tare da biza ba har kwana 90 babban abu ce. Amma abin da shugabanni suka bayar, shugabanni suna iya karɓewa ba tare da sun tambayi kowa ba. A 1983 Nijeriya ta kori baƙi 'yan Afirka ta Yamma fiye da miliyan ɗaya. Daga 1984 zuwa 1986 iyaka a rufe take. An sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka kuma rufewa, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris 2024. Ma'aikatan da ke cikin zauren nan sun san abin da kowace rufewa ta yi wa kasuwar Maigatari da farashin abinci a Babura. Wace jam'iyya ce ta taɓa faɗuwa zaɓe saboda ta rufe iyaka?

Akwai Majalisar ECOWAS, mazauninta Abuja, ta fara zama a shekarar 2000. Kafin ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso tana da kujeru 115, Nijeriya na da 35. Amma ba wanda ya taɓa jefa ƙuri'a don ya zaɓi wakilinsa a cikinta. Majalisun ƙasashe ne ke tsamo wasu daga cikin 'ya'yansu su tura, kowa ya je da rigar ƙasarsa, mafi yawan aikinta kuwa ba da shawara ne. An rubuta cewa wata rana jama'a za su zaɓe ta kai tsaye. Ranar ba ta zo ba.

A nan zan ɗan ratse in faɗi abin da na gani da idona. Ina karatu a Jamus aka yi zaɓen Majalisar Turai na 2014. Na ga hoton ɗan takara Bajamushe, Martin Schulz, da na ɗan ƙaramar ƙasar Luksambur, Jean-Claude Juncker, kowanne jam'iyyu 'yan'uwa daga ƙasashe da yawa sun tsaya masa, wanda gungunsa ya fi kujeru kuma shi ya zama shugaban Hukumar Tarayyar. Da na bincika sai na ga tarihin RDA ne aka juya shi baibai. An yanke shawarar a riƙa zaɓen majalisar kai tsaye, sai jam'iyyu masu ra'ayi ɗaya suka yi maza suka haɗu: Jam'iyyar Jama'ar Turai a 1976, shekara uku kafin zaɓen farko na 1979. Yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta amince da irin waɗannan jam'iyyu a rubuce. Majalisa ce ta fara zuwa, jam'iyyu suka biyo ta. Kada dai mu zuzuta abin. Masu fitowa zaɓen sun ragu daga wajen kashi 62 cikin 100 a 1979 zuwa wajen 43 a 2014, maƙwabtana da yawa ba su ma san sunan gungun da jam'iyyarsu take ciki ba, kuma duk wannan bai hana Birtaniya ficewa a 2020 ba. Amma Bafaranshe mai ra'ayin gurguzu ya hau dandamali ɗaya da Bajamushe mai ra'ayin gurguzu, ba wanda zai kira shi maci amana.

Mu fa? Tsarin mulkinmu na 1999, a sashe na 225, ya hana jam'iyya mallakar kuɗi ko kadara a wajen Nijeriya, ya kuma hana ta riƙe kuɗin da aka aiko mata daga waje. Akwai hikima a cikin wannan, ba na musu. Amma ku dubi yadda muke ɗaukar duk wata alaƙa ta ƙetare. A watan Janairu na 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, ta kai shi Cadi ta ajiye, wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. A watan Janairu na 2019 gwamnonin Damagaram da Maraɗi suka halarci taron yaƙin neman zaɓen APC a Kano, 'yan hamayya suka ce katsalandan ne. A ganina suna da hujja, domin waɗannan jami'an gwamnati ne naɗaɗɗu, ba wakilan wata jam'iyya 'yar'uwa da aka ƙulla da ita a fili ba. Sa'an nan da aka shiga maganar yaƙi a watan Agusta na 2023, su wa suka iya shiga Yamai aka saurare su? Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ne, da tawagar malamai ƙarƙashin Shehu Bala Lau. Sanatocin Arewa sun yi magana a kan kada a kai hari, an gode musu, amma ba wata jam'iyya a Nijeriya da take da abokiyar da za ta kira a can. Sarauta da malanta sun riƙe zumuncin da siyasa ta saki.

Yau al'amarin ya ƙara nisa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS ran 29 ga Janairu 2025. A watan Maris na wannan shekarar aka rushe dukan jam'iyyun Nijar, Mali ta bi sahu a watan Mayu. Mai saurare zai ce, to, malam, da wa za a ƙulla? Gaskiya ne, a halin da ake ciki babu. Amma an rushe jam'iyyu a Nijeriya a 1966 suka dawo a 1978, Nijar ma ta taɓa yin shekaru fiye da 30 ba ta san hamayyar jam'iyyu ba, ta dawo. Abin da nake kira gare shi shi ne ƙasashen da suka rage su cika alkawarin zaɓen Majalisar ECOWAS kai tsaye, su kuma ba ta iko a kan abu biyu ko da su kaɗai ne: kasafin kuɗin ƙungiyar, da rufe iyaka. Na san abin da za a ce, ƙananan ƙasashe suna tsoron Nijeriya ta danne su da yawanta. Amsata ita ce wannan tsoro ya fi ƙarfi ne in kowa ya zo da rigar ƙasarsa. Ranar da 'yan Nijeriyan da ke majalisar suka rabu bisa ra'ayi, wasu suka zauna da 'yan Gana, wasu da 'yan Senegal, ranar ce Nijeriya za ta daina zama dodo. Ita kuwa Nijar, in ta waiwayo, gara ta tarar da majalisar jama'a da ta tarar da kulob ɗin shugabanni irin wanda ta bari.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka zana ta biyo ta Kazauren nan, ta wuce Daura da Katsina da Jibiya. Ƙarfe zai haɗa mu da Maraɗi, amma mabuɗin ƙofar yana hannun mutum biyu, ɗaya a Abuja, ɗaya a Yamai, ba kuwa zauren da wakilin Kazaure da wakilin Maraɗi za su zauna tare su tambaye su dalili in sun rufe.

Ina da roƙo ɗaya ga ɗalibai, musamman na sashen Hausa da na tarihi. Abin da aka rubuta a kan NEPU da Sawaba mafi yawansa labarin birane ne, Kano da Damagaram da Yamai. Wanda yake saurayi a 1964 yau ya haura shekara 80. In hutu ya zo, ku ɗauki wayoyinku ku shiga ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura, ku nemi tsofaffin direbobi da fatake da 'yan ci-rani. Ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su abin da suka gani a kan hanyoyin nan a zamanin siyasar farko, wa ya wuce, wa ya kwana, me ake kiran 'yan raƙumi da shi a nan. Ku naɗi maganar da bakinsu, kada ku gyara musu Hausa, ku kawo mana mu ajiye.